Hattara da mai sayar da ɗakin kwana a Kasil ɗin Elmina

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase da duk Zangon Kumasi. Kunya ce ta hana ni magana tun Babbar Sallah, amma jiya na ga mutumin ya sake fitowa, shi ya sa na ce bari in faɗa.

A wani zauren WhatsApp na mata muka ga tallan: hutun iyali, kwana biyu a cikin Kasil ɗin Elmina, tsohon ginin Turawa da ke bakin teku, abinci na halal, wurin sallah, har da kai yara gadar igiya ta Kakum. Na kira lambar. Bakinsa kamar zuma, Hausarsa irin tamu, "Hajiya" a farko "Hajiya" a ƙarshe, ba ya gama jimla sai da insha Allah. Ya ce ɗaki biyu kacal suka rage. Na tura sidi 2,400 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a matsayin kafin alƙalami. Sunan da ya fito a waya na mace ne, ba na kamfani ba. Na tambaya, ya ce akawunsu ce. A nan ya kamata in tsaya, amma yara sun riga sun gaya wa duk makaranta.

Bayan asuba muka kama hanya, ni da Maigida da yara uku da kular waake, ta Assin Fosu har Yamoransa. Muna wuce Cape Coast wayar mai tallan ta mutu.

A ƙofar Kasil na miƙa wa mai yankar tikiti rasit ɗin da ke wayata. Ya duba, ya dube mu da akwatunanmu, ya girgiza kai. Wurin nan ba otal ba ne. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, kuma tun 1979 yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke riƙe da shi: ka sayi tikiti, a zagaya da kai, da yamma a kulle.

Maigida ya ce tunda mun zo mu shiga. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na ga ɗakin da ke hoton tallan. Ɗakin gwamna ne a sama, daɓen katako, tagogi na kallon teku, fayau babu ko tabarma. Gadon da labulen ɗora su aka yi a hoto. A ƙarƙashinsa kuma kurkukun da ake tsare mata bayi kafin a fitar da su zuwa jirgi, wurin da iska ma da ƙyar take shiga. Babbar 'yata ta ce, "Mma, a nan za mu kwana da?" Ban iya amsa mata ba. Da na san tarihin nan, ko kyauta ba zan nemi kwana a wurin ba.

Muka kama wani ƙaramin masauki a gari da kuɗin da muka ware na Kakum.

Duk wanda ya ce zai kai ku hutu, ku nemi lasisinsa na Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, ku kira masaukin da kanku, kuma in sunan MoMo bai yi daidai da na kamfani ba kada ku tura ko sisi. Wanda aka riga aka cuta ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet, ya ajiye hotunan hirar. Ni na kai rahoto, kuɗin dai har yau shiru.

Tallan jiya da ƙanwata ta turo min daga Nima, lamba sabuwa ce amma gadon nan ne da labulen nan. Yanzu wai Kasil ɗin Osu da ke Ankara, babban birnin Gana, yake bayarwa haya, inda fadar gwamnati take har 2013.