Madubin Duba Jariri a Mota: Mai Maɗauri Ya Fi Dacewa da Damagaram

Direba ba ya ganin jaririn da kujerarsa ke fuskantar baya, sai an ɗaura madubi a matashin kan kujerar baya, wanda zai nuno fuskar yaron cikin madubin tsakiya. Wanda na saya mai maɗauri biyu ne, na roba mai tauri maimakon gilashi, saboda haka ba zai tarwatse a kan yaro ba. Yana da ɗan tudu, yana nuna jaririn daga kai har gwiwa, kuma girgizar hanyar Mirya ba ta karkatar da shi ba. Irin wanda ake mannawa a gilashi kuwa ban amince da shi ba, domin zafin Damagaram yana sa ya saki. Aibin nawa shi ne saurin karcewa, don haka ƙurar hunturu sai da ƙyalle mai laushi ake goge ta.