Rumfunan Gasasshen Kifi na Down Beach a Limbe: Ko Sun Cancanci Tafiyar?

Duk wanda harka ta kai shi Duwala, kuma yake da sararin yini guda, ina ba shi shawara ya ƙarasa Limbe, ƙaramin garin gaɓar teku da ke gindin Dutsen Kamaru, kimanin kilomita 70 daga Duwala, domin ya ci gasasshen kifi a wurin da ake kira Down Beach. Wurin jerin rumfuna ne a bakin ruwa inda mata ke gasa kifi a kan gawayi, 'yan taku kaɗan daga inda masunta ke jawo kwalekwalensu bisa baƙin rairayin da aman wutar dutsen ya bar wa garin.

Tsarin cinikin yana da sauƙi, amma yana buƙatar lura. Mai saye zai tsaya gaban tiren ɗanyen kifi ya nuna wanda ya kwanta masa, a yi ciniki, sannan a ɗora a wuta. Na ga yadda wata mai gashi ta tsattsaga jikin wani babban kifi da wuƙa, ta cusa markaɗen attaruhu da tafarnuwa da citta da wani iri da suke kira njansang a cikin kowace tsaga, tana shafa mai tana fifita garwashi har fatar ta yi ƙauri ba tare da tsokar ta bushe ba. Ana kawo shi da soyayyen agade ko miondo, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye a dafa, tare da ruwan wanke hannu, domin da hannu ake ci. Wanda ya saba da bandar kifin kogi zai ji bambanci tun daga lomar farko, saboda tsokar kifin teku da aka kamo da safe tana da zaƙin da ba ya buƙatar yaji mai yawa. Akwai jatan lande da ƙaguwa, sai dai a ganina kifin ya fi su dacewa da kuɗinsa.

Tsofaffin garin har yau wasu kan kira shi Biktoriya, kuma suna da dalili. Wani Baturen mishan ɗan Ingila, Alfred Saker, shi ya kafa garin a 1858 bayan ya baro tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko yanzu, ya sa masa sunan sarauniyar ƙasarsu. Garin ya koma hannun Jamusawa a 1887, Ingila ta sake karɓe shi a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kuma sunan bai canza ba sai a 1982, lokacin da gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahidjo ta mayar da shi Limbe, sunan ƙaramin kogin da ya ratsa garin. Mutanen wurin kan ce shi kansa kogin ya samo sunansa ne daga wani injiniyan Jamus mai suna Limburg, wanda ya yi aikin gyara hanyar ruwan.

Mai zaune a rumfa yana jiran kifinsa ba zai rasa hango manyan injinan haƙar mai da akan ajiye a mashigin ruwan Ambas ba, kuma harkar mai ita ce ainihin abin da ke riƙe da kasuwar. A yammacin garin ne matatar SONARA take, matatar mai ɗaya tilo a Kamaru, wadda aka buɗe a 1981, kuma a da take iya tace kusan tan miliyan 2.1 a shekara. Albashin ma'aikatanta, da na 'yan kwangila da direbobin tanka, da na ma'aikatan kamfanin gonakin CDC mai noman kwakwar manja da roba da ayaba, shi ke sauka a kan waɗannan tebura da yamma. A ranar 31 ga Mayun 2019 gobara ta cinye wani sashe na matatar, tace mai ya tsaya, aka koma dogaro da shigo da tataccen mai daga waje. Wannan ya zo ne a daidai lokacin da rikicin yankunan masu magana da Turancin Ingilishi, waɗanda Limbe ke cikinsu, ya riga ya rage baƙi. Mai gashin da na zauna wurinta ta ce mini a da ranar biyan albashi ba a samun kujera, yanzu kuwa sai ƙarshen mako idan mutanen Duwala sun zo. Abin ya dame ni, domin gwanintar da ke hannun matan nan ba ta ragu ba, masu saye ne suka ragu.

Akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a je. Ba a rubuta farashi, saboda haka wajibi ne a daddale kuɗin kifin da na abin haɗi tun kafin a ɗora a wuta. A wata rumfa an lissafa mini agade daban bayan na ɗauka yana cikin ciniki. Gashin yana ɗaukar lokaci, wanda ke sauri ba zai ji daɗinsa ba. Kujerun kuma galibi na masu sayar da abin sha ne, kuma ana sayar da giya tare da kiɗa mai ƙarfi da dare, don haka mai iyali, ko wanda ba ya son zama a irin wannan wuri, gara ya je tsakanin azahar da la'asar, ya zaɓi tebur na can gefe, ko ya sa a naɗe masa ya tafi da shi masauki. Tarkacen robobi da igiyar ruwa ke turowa gaɓa ma yana rage wa wurin kyau, kuma damina a wannan yanki tana da ruwa ƙwarai, shi ya sa watannin Disamba zuwa Fabrairu suka fi dacewa da ziyara. Duk da waɗannan, kifin ya cancanci kuɗin mota da jiran da za a yi.