Famfon gwada lagireto: abin da ya nuna mini a tsohon babur cikin hunturu

Masu Boxer da Jincheng ba ruwansu da wannan magana, iska ce ke sanyaya injinsu. Ina yi ne da masu manyan babura na hannu, masu lagireto, irin nawa ɗan Japan ƙirar 1995 mai silinda biyu. Duk mai irinsu a Jos ya san halinsu daga Disamba zuwa Janairu: ka wayi gari ka tarar da ɗigon ruwa kore a ƙasa, ka tayar da inji ya yi zafi, yoyo ya ɗauke. Ka kai wa makaniki da rana, ya duba ya ce lafiya lau.

Kuma gaskiyarsa ya faɗa. Roba in ta tsufa takan ƙandare, sanyin dare ya sa ta tsuke, ƙarfen da take riƙe da shi ma ya tsuke, sai 'yar kafa ta buɗe. Zafi na zuwa komai ya kumbura ya toshe. Shi ya sa na sayi famfon gwaji da ake bugawa da hannu, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a madadin murfi, a hura iska, injin yana kashe kuma da sanyinsa.

A nan amfaninsa yake. Murfin lagiretona an rubuta 1.1 a kansa, wato iyakar matsin da yake riƙewa, to daidai nan na tsayar da allurar geji, agogon famfon da ke nuna matsin iska, ban wuce ba, don tsohon lagireto ba ya son a matsa masa. Allura ta fara sauka a hankali, alamar akwai yoyo ke nan. Da tocila na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu ta taimaka ƙwarai, domin duk inda ruwa ya taɓa bi, ta manne ta bar layi mai duhu, gefensa da farin busasshen gishiri-gishiri. Layin ya kai ni bututun ƙarfe da ke tsakanin silinda biyu, inda wani ɗan zoben roba yake. Ina kallo ruwa ya taru ya zama ƙwaya, ya gangaro. Da aka ciro robar, ta baje ta yi fale-fale, lanƙwasa ta ke nan ta tsage.

Abin da ya fi faranta mini rai, gwajin ya wanke famfon da ke zagaya ruwa cikin inji daga zargi. A ƙarƙashin famfon akwai ɗan rami da aka bari da gangan; in sil ɗin ciki, wato abin da ke tare ruwa, ya mutu, ta nan ruwa ke fitowa. Nawa a bushe yake, baƙin mai kuma bai koma kalar madara ba, wato ruwa bai shiga cikinsa ba. Da an bi zato, da an sauya famfo mai tsada a banza.

Inda kayan suka gaza: yawancin bakunan da ke cikin akwatin famfon gwajin na mota ne, sun yi wa babur girma. Ƙarami ɗaya ne ya shiga, shi ma sai da na shafa wa robarsa ruwa kafin ya kama, in ba haka ba iska na zurarewa ta nan, ka ɗauka babur ne ke yoyo. Ka tafi da murfin lagiretonka shago a gwada kafin ka biya. Lambobin gejin ma ƙanana ne, da asuba sai da tocila.

Ban yarda da garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto ba, hanyoyin ruwan babur sirara ne, yana iya cushe su. Kuma don Allah a goge abin da ya ɗiga: koren ruwan lagireton nan zaƙi gare shi, guba ne ga yara da kaji da kyanwa.

Mai babur ɗaya zai iya haɗa kuɗi da abokan hawansa su saya tare. Makanikin da ke karɓar manyan babura kuwa, ya kamata ya mallaki nasa, ya riƙa cewa a bar masa babur ya kwana, ya gwada da sassafe.