Man birki: DOT 3, DOT 4 ko DOT 5, wanne za ka zuba wa motarka?

Kafin ka ce wa mai shago "ba ni man birki", ɗaga bonet ka duba murfin mazubin man, yawanci an rubuta lambar DOT, wato ajin man da motar ke sha. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 uwarsu ɗaya, wato sinadarin glycol ether, dangin wanda ake sa wa fenti da ruwan wanke maiƙo. Shi ya sa in ya ɗiga a jikin mota yake cin fenti. Yana kuma zuƙar danshi daga iska, kuma da zarar ya sha ruwa sai ya riƙa tafasa da wuri.

Ni dai DOT 4 nake saya, shi nake ce wa kowa ya saya in motarsa ta yarda. A ƙa'idar Amurka, sabon DOT 4 ba zai tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius ba, wanda ya sha ruwa kuma 155. DOT 3 kuwa 205 ne da 140. Cikin gari ba za ka ga bambanci ba. Amma ɗauko kaya ka biyo gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos kana ta taka birki: in man ya tafasa ya zama tururi, ƙafarka za ta nutse har ƙasa, mota kuma ba ta san kana yi ba. Ko DOT 4 ɗin ma, a juye shi duk shekara biyu.

DOT 3 arha ce kawai tasa. DOT 5.1 nagari ne, sai tsada. DOT 5 na silikon ne, shunayya, ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba na mota mai ABS ba ne, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa in an taka birki da ƙarfi.

Babbar damuwata ita ce jabu. An taɓa sayar min da gwangwani mai kyan rubutu, ashe an sirka shi da baƙin mai. Robobin birkin suka kumbura, sai da bakanike ya canza su kaf. Don haka kar ka karɓi wanda aka ɓalle hatiminsa, ko na tsiyaye a gorar ruwa, ko ragowar da ta kwana a buɗe a garejin wani, don ta riga ta sha iska. In farashin ya faɗi warwas, ajiye musu abinsu. Gwajin ma ba wuya: ɗiga kaɗan a kofin ruwa ka motsa. Na glycol zai narke ya bi ruwan, wanda aka sirka da baƙin mai ko kananzir kuwa zai bar maiƙo yana yawo a sama.