Na yi odar irin gado, aka turo mini ɗan ruwa biyu

Kundin tallar wani kamfanin sayar da iri ne ya fara jan hankalina, wannan ba zan ɓoye ba. Takarda mai sheƙi, kowane iri da hotonsa da ɗan tarihinsa, an ce wannan wata tsohuwa ce ta riƙe shi har ta ba jikokinta, wancan kuma ya tsallaka teku a aljihun wani baƙo. Na kwana uku ina juya shafuka ina zagaye suna da biro. A ƙarshe na yi odar fakiti shida, amma wanda zuciyata ke kai shi ne tumatirin Brandywine mai launin hoda, tsohon irin Amurka da ake yabo saboda girma da ɗanɗano. Niyyata in shuka sau ɗaya, in cire iri, in huta da saye har abada. Ai amfanin irin gado ke nan: abin da ka shuka shi za ka girba, 'ya'yansa kuma su biyo shi sak, ba kamar irin haɗi mai tambarin F1 ba, wanda jikokinsa kowa ke kama gabansa.

Kaya sun iso a kan lokaci, ambulan bai jiƙe ba. Wannan kam babu ƙorafi.

Na zuba ƙwaya goma sha huɗu a kwandon reno, goma sha biyu suka tsiro cikin mako guda. Murna har kunne. Ganye biyun farko na kowane tumatir iri ɗaya ne, sirara, ba sa gaya maka komai, sai ganyen gaskiya ya fito. Brandywine mai hoda an san shi da ganye mai faɗi, mai santsin baki, kamar na dankalin Turawa. A mako na uku Kawuna ya leƙo, ya durƙusa a gaban kwandon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kawo hoton nan da ka nuna mini." Na kawo kundin. Ya ɗora yatsa a kan hoton, ya ɗora a kan tsiron. "Waɗannan ukun su ne. Sauran taran nan kuwa, ka tambayi wanda ya sayar maka ina ya samo su."

Tara masu ganye mai tsaga-tsaga irin na kowane tumatir, uku masu ganyen dankali. Sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin lissafin ba baƙo ba ne. Tara da uku ai uku da ɗaya ke nan, abin da Gregor Mendel, masanin gadon halitta, ya gani a lambunsa na birnin Brno (a ƙasar Czech ta yau), ya wallafa a 1866: idan aka haɗa iri biyu, a zuriya ta biyu halin da ke rinjaye yakan fito a kashi uku, wanda ke ɓuya ya fito a kashi ɗaya. A tumatir ganyen dankali shi ne mai ɓuya. Ke nan uwar da aka ciri wannan iri daga jikinta ita kanta ruwa biyu ce, kuma ganyenta mai tsaga ne. Wanda ya tsinki 'ya'yanta ya matse iri, ya zuba a fakiti, ya rubuta Brandywine, ko kallon ganyen bai yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ƙudan zuma ba su da laifi, aikinsu suke yi, kuma tsofaffin tumatir masu manyan furanni sukan bar bakin furen a waje, garin wani furen ya samu shiga. Amma mai sana'ar iri aikinsa ne ya zaga gona ya tumɓuke duk wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba tun kafin ya yi fure.

Duk da haka na dasa su gaba ɗaya, ina cewa wataƙila wajen ƙullawa ne aka gauraya iri biyu, ukun nan su tsira. Brandywine ba ya sauri, sai ka jira kwana 80 ko fiye bayan dashe. Na kafa sanduna, na ɗaure, na yi ban ruwa safe da yamma. Da suka nuna sai ga kasuwa a lambu: wani ja ƙanana, wani ja mai kwarin jiki, wani hoda amma bai kai ƙwan kaza ba. Cikin ukun da na sa wa rai ma, ɗaya ja ya haifa. Akwai hanyar ganewa mai sauƙi: ka ɓare fatar ka ɗaga ta a rana. Fatar jan tumatir rawaya ce, ta mai hoda kuwa ba ta da launi, kamar farar leda. Na ɗaga, rawaya. Magana ta ƙare, barbara ce, ba gauraya ba. Sauran biyun da suka yi kama da na gaskiya su ma ban yarda da su ba, don ban san me suka ɓoye a ciki ba.

Na rubuta musu saƙo da hotuna, raina a ɓace, ina jiran a ce ƙasata ce ko yanayi. Sai suka ba ni kunya. Kwana biyu aka amsa, aka ce laifinsu ne, sun janye sauran fakitin wannan zubin, kuma za su turo wani daga wani manomin. Suka turo, har da ƙarin fakiti ɗaya da ban nema ba. Na shuka ashirin, goma sha takwas suka fito, duk ganyen dankali. 'Ya'yan da suka yi kuwa, ɗaya ya cika tafin hannuna har ya zarce, nama cike, ruwa kaɗan, zaƙi da tsami sun daidaita. Nan na gane dalilin da ya sa mutane ke wahala a kan tsohon iri, har wasu suka kafa ƙungiya sukutum saboda shi, irin Seed Savers Exchange da Kent Whealy da Diane Ott Whealy suka fara a Amurka a 1975 da iri biyu kacal na kakan Diane. Ba su ne suka sayar mini ba, kada a ɗora musu.

Wannan karon ban bar wa ƙudan zuma ƙofa ba. Tun furen bai buɗe ba na rufe reshe da ƙyalle mai shara-shara, ina girgiza shi kowace safiya, da ya ɗaura 'ya'ya na cire ƙyallen na ɗaura jan zare don shaida. Da suka nuna na matse su a kwalba, na bar su kwana uku har funfuna ta rufe sama. Warin ba daɗi, amma ruɓewar nan ce ke cinye yauƙin da ke lulluɓe ƙwayar yana hana ta tsiro. Na ƙara ruwa, masu kyau suka nutse, fanko suka taso na zubar, na tace a rariya, na shanya a faranti cikin inuwa. Yanzu suna cikin kwalba mai murfi a wuri mai sanyi, da suna da shekara a jiki. Irin tumatir da ya bushe sosai yakan yi shekara huɗu ko fiye da ransa.

To, da a nan abin ya tsaya da na ce kowa ya je ya saya. Amma kaka guda ta riga ta tafi, kuma fakitin kyauta ba ya dawo da wata huɗu na ban ruwa. Sannan ga albasa. Fakitinta babu shekarar da aka ƙulla shi, alhali duk mai lambu ya san irin albasa ba ya tsufa da kyau, shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya tafi. Bayan abin da tumatir ya koya mini, sai na gwada kafin in ɓata fili: ƙwaya goma a cikin jiƙaƙƙiyar takarda, na naɗe na sa a leda. Bayan mako biyu guda biyu ne suka fito, su ma kamar an roƙe su. Kamfanin da ke da wurin rubuta tarihin tsohuwa da jikokinta a bayan fakiti, ya rasa wurin rubuta lambobi huɗu?

Waken da kabewar sun fito lafiya, ko da yake kabewa ba zan ciri irinta ba, maƙwabcina na da wata a bayan katanga kuma ita barbara ba ta yi mata wuya.

Na sake rubuta musu a kan albasar. Yau mako na biyar ke nan shiru. Sabon kundinsu dai ya iso shekaranjiya, Kawu ya same ni da shi a hannu da biro, ya kalle ni ya girgiza kai ya wuce.