Zaman ɗalibai masu amosanin gaɓɓai a Gombe

Zaman da ɗalibai masu amosanin gaɓɓai suke yi duk Asabar a Gombe ya cancanci yabo, domin yana kula da damuwar zuciya, wadda ƙwaya da allura ba sa kaiwa gare ta. Jama'a na ɗaukar cutar a matsayin ta tsofaffi, alhali akwai nau'in da ke kama yaro kafin shekara 16. A wurin, ɗaliba kan bayyana yadda yatsunta suke sandarewa da asubar hunturu har riƙe biro ya gagare ta, kuma babu mai zarginta da lalaci. Suna raka juna asibiti, batun sauya magani kuwa sun bar wa likita. Sai dai ɗakin taron yana saman bene, hawansa azaba ce ga mai ciwon gwiwa.