Jerome Robbins: Broadway ko Bale?

Mai son sanin Jerome Robbins, shahararren mai tsara rawa ɗan Amurka, yana da ƙofa biyu. Ta Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, ce mai jama'a: wasan West Side Story na 1957, inda samarin unguwa ke kyasta yatsu, kafaɗa a duƙe, rawa ta koma faɗa. Can labari ke jan ragama.

Ta bale kuwa, wato rawar dandamali mai asali a Turai, a ƙungiyar rawa ta New York City Ballet, ba magana ba waƙa. Wasansa Dances at a Gathering na 1969 'yan rawa goma ne da fiyano ɗaya, kiɗan Chopin (mai tsara kiɗa ɗan Poland), kusan awa guda. Nan zuciyata ta fi karkata, domin babu labarin da zai rufa wa mai rawa asiri. Sabon shiga dai ya fara da Broadway, ya fi saurin kama mutum.